Ƙona Shara da Cinna Wuta a Fili a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Daga ƙarshen Oktoba, lokacin da ruwa ke ɗaukewa a ƙasar Zazzau, har zuwa faɗuwar ruwan farko a Afrilu ko Mayu, da wuya a sami unguwar da hayaƙi ba ya tashi a cikinta, tun daga cikin ganuwa zuwa Tudun Wada, Sabon Gari, Samaru da ƙauyukan da ke kewaye. Wani shara yake ƙonawa, wani gona yake sharewa, wani kuma sanyi ne ya kai shi bakin wuta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawa a bakin masu gidaje, manoma, mahauta da masu sana'ar bakin titi, an kuma sa musu lamba domin mai karatu ya iya komawa daga wata amsa zuwa wata.

1. Shin da gaske akwai dokar da ta hana ƙona abu a fili, ko jan kunne ne kawai?

Akwai doka rubutacciya. A shekarar 2007 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar NESREA, wadda aka ɗora wa tabbatar da bin dokokin kare muhalli a faɗin Najeriya, kuma a 2011 aka fitar da ƙa'idoji na musamman a kan ƙona daji, gobarar kurmi da ƙona abubuwa a fili. Manufarsu ita ce hana wuta lalata daji da gonaki, da hana ƙona duk abin da hayaƙinsa ke gurɓata iska, kuma ginshiƙinsu shi ne ba a cinna wa daji wuta sai da izinin hukuma. Ban da su akwai ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara na 2009, da na kiyaye ingancin iska da aka fara fitarwa a 2014. Wanda ya karya su yana iya fuskantar tara ko ɗauri ko duka biyun, kuma tarar kamfani ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Abin da ya sa mutane da yawa ke zaton babu doka shi ne ba kasafai suke ganin an kama wani ba. Rashin kamun bai shafe ta ba, domin ranar da wuta ta yi ɓarna ko maƙwabci ya kai ƙara, ita za a buɗe. Dokar ba ta hana amfani da wuta don girki ko sana'a ba. Abin da ta sa wa ido shi ne wutar da aka saka babu mai tsaronta, da wutar da aka mayar hanyar rabuwa da ƙazanta.

2. A nan Zariya, wace hukuma ce ke da alhakin wannan al'amari?

Wadda ta fi kusa da talaka ita ce ƙaramar hukuma. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi aikin kwashe shara da kula da kasuwanni, mayanka, tashoshin mota, gidajen abinci da gidajen burodi. Abin da jama'a ke kira Zariya ya kasu ne tsakanin ƙaramar hukumar Zariya, wadda ta haɗa Birni, Tudun Wada da Gyallesu, da ta Sabon Gari, wadda Samaru, Basawa, Hanwa da Muciya ke ƙarƙashinta, Shika kuwa tana cikin ƙaramar hukumar Giwa. Saboda haka mai ƙorafi ya fara tantance inda gidansa ko gonarsa ta faɗa, don kada ya yi ta zirga-zirga zuwa sakatariyar da ba ta da hurumi. Jami'an da ke zagaya unguwanni su ne duba-gari, na sashen lafiya.

Sama da ƙaramar hukuma akwai KEPA, hukumar kare muhalli ta Jihar Kaduna, sai NESREA ta tarayya, waɗanda galibi manyan lamura ne ke kai wa gare su, kamar masana'anta ko babbar bolar da ke ci da wuta kullum. 'Yan kwana-kwana aikinsu kashe gobara ne da ba da shawarar kariya. Mai unguwa, dagaci da hakimi ba su ne ke yanke hukuncin doka ba, amma a ƙasar Zazzau yawancin rigingimun wuta a zaurensu ake kashe su tun ba su kai kotu ba.

3. Zan iya ƙona sharar gidana a ƙofar gida ko a cikin kwata?

Ƙa'idojin da aka ambata a amsa ta 1 ba su yarda da ƙonawa a fili a matsayin hanyar zubar da shara ba, ko da a ƙofar gidan mutum ne. Masu cewa haka suka taso suka ga iyaye suna yi gaskiya suka faɗa, sai dai sharar ce ta canza. Ta da ganye ce da ɓawon gyaɗa da tsumma da kashin awaki, ta yau kuwa rabinta leda ce da ledar ruwa, robar lemo, kunzugun jarirai na kanti da mataccen batir. Ƙonawa a cikin kwata ta fi muni, domin zafi yana farfasa siminti, narkakkiyar roba kuma tana daskarewa ta toshe hanyar ruwa, sai a ga sakamakon a watan Agusta lokacin da ruwa ya rasa mafita ya shiga gidaje.

Akwai kuma batun lokaci. Yawancin mutane da almuru ko da asuba suke cinna wa shara wuta, alhali a hunturu waɗannan su ne sa'o'in da iska mai sanyi ke kwantawa a ƙasa, hayaƙi ya kasa tashi sama, ya bi lungu ya shiga ɗakunan da yara da tsofaffi ke kwance. A cikin Birni, inda gidaje ke manne da juna, ga dannin kara, ga wayoyin lantarki sun yi ƙasa-ƙasa, tartsatsi ɗaya ya isa.

4. Motar kwasar shara ba ta zuwa unguwarmu. In ban ƙona ba, yaya zan yi da ita?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace ƙarfi, kuma a nan ne dokar ta fi rauni, domin hukumar da ta hana mutum ƙona shara wajibinta ne ta nuna masa inda zai kai ta. Unguwar da ba a kwashe mata shara tana da haƙƙin rubuta wa ƙaramar hukuma ta hannun mai unguwa da kansila, kuma takardar da mutum hamsin suka sa wa hannu ba ɗaya take da ƙorafin baki ba.

Kafin a amsa, rarraba shara tun daga cikin gida yana rage ta ƙwarai. Abin da ke ruɓewa, irin su ɓawon doya, ganye, tokar murhu da kashin dabbobi, a tara shi a rami a riƙa yayyafa masa ruwa ana juyawa, cikin 'yan watanni zai zama taki, kuma manoman rani na bakin kogunan Galma da Kubanni ba sa ƙin irinsa. Ƙarfe, gwangwani da robobi masu kauri 'yan gwangwan suna saye da kuɗi. Abin da ya rage ba shi da yawa, ana iya ɗaure shi a buhu a ba masu baro su kai inda hukuma ta ware, kuma maƙwabta suna iya haɗa kuɗin a tsakaninsu. Sharaɗi ɗaya shi ne kada a bari batir da leda su shiga ramin takin, don abin da ya shiga taki alayyafo da latas zai koma.

5. Me ya sa aka fi tsanantawa a kan leda, roba da taya?

Wutar bola ba ta da zafin da zai cinye roba gaba ɗaya, shi ya sa take ci a hankali tana fitar da baƙin hayaƙi. Robar bututun ruwa da wadda ake lulluɓe wayar lantarki da ita suna ɗauke da sinadarin kulorin, kuma idan suka ƙone a irin wannan wuta ana samun gubar da ake kira dayoksin. Wannan guba ba ta saurin lalacewa: tana zama a toka da ƙasa, kaji su tsattsaga, awaki su yi kiwo, ta taru a kitse da ƙwai da nono, daga nan ta isa cikin mutum. Tana cikin gubobin da yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta wajabta wa ƙasashe rage su, kuma Najeriya tana cikin wannan yarjejeniya. Taya kuwa tana fitar da farar wuta, tutiya da sinadaran da aka tabbatar suna jawo ciwon daji.

Ko babu guba, ƙananan ƙwayoyin hayaƙi da ido ba ya gani suna ratsawa har ƙarshen huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da ta yarda da shi na waɗannan ƙwayoyi zuwa maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, a tsawon yini guda. A watannin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, iskar Zariya ta riga ta yi nauyi tun kafin kowa ya ƙyasta ashana, saboda haka mai asma, mai ciki da jariri ba su da sauran wurin ɗaukar ƙari.

6. Dokar ta shafi murhun girki, tukubar mai tsire, mai shayi da mai ƙosai?

Ba su aka nufa ba, matuƙar itace, gawayi ko gas ake amfani da shi, kuma akwai mai kula da wutar. Sai dai ƙaramar hukuma tana da ikon tsara wuraren sayar da abinci, don haka duba-gari ko shugabannin kasuwa suna iya tayar da mai tukuba idan ya kafa ta kusa da masu sayar da fetur a galan, shagon ɗura gas, taransifoma ko rumfunan katako. Abu biyu ne ke jawo wa masu wannan sana'a matsala: hura wuta da leda ko guntun silifa, wanda ya mayar da wutar girki irin wadda aka bayyana a amsa ta 5, da tashi a bar garwashi a rufe da toka da nufin samun wutar gobe. A kasuwa irin ta Sabon Gari, inda dare ke yi babu kowa sai masu gadi, wannan ɗabi'a ta biyu caca ce da dukiyar mutane.

7. Jin ɗumi fa a lokacin sanyi, da wutar karatun almajirai?

A Disamba da Janairu sanyin dare a Zariya yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma babu mai hankalin da zai ce wa mai gadi ko ɗan acaɓa kada ya ji ɗumi. Abin da ake nema shi ne wutar ta zama ƙarama, ta itace ko kara, a fili mai nisa da danni da ababen hawa, ba ta taya ko tsohuwar katifa ba. Wutar da almajirai ke kewayewa suna karatun dare tsohuwar al'ada ce, kuma alhakinta yana wuyan malam, wanda ya kamata ya wakilta babban ɗalibi ya tabbatar an kashe ta kafin a kwanta. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta.

Haɗarin da ya fi kisa a ɓoye shi ne shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana sa ciwon kai da kasala, mutum ya zarce daga barci. Haka janareta yake idan aka tayar da shi a cikin ɗaki ko a soron da ba iska.

8. Ni manomi ne. Sai na nemi izini kafin in ƙona gonata?

A rubuce, ƙa'idojin 2011 sun sa izini a gaban ƙona daji, kuma gonar da ciyawarta ta haɗe da ta maƙwabta ko da jeji ba ta fita daga wannan ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a tuntuɓi malamin gona ko sashen gona na ƙaramar hukuma, a kuma sanar da dagaci. Akwai bambanci babba tsakanin tara ƙaya da saiwoyin sassabe tsibi-tsibi a tsakiyar gonar da aka share a ƙona su ana tsaye, da cinna wa gefen gona wuta a bar iska ta yi aikin. Na biyun shi ne tushen yawancin gobarar daji. Gandun dajin gwamnati kuwa ba a sa masa wuta ko kaɗan, sai dai ma'aikatan daji da kansu.

9. Ai toka taki ce. Mene ne laifin ƙona kara a gona?

Toka tana da amfani, domin sinadaran fotash, kalsiyam da wani kaso na fosfaras suna saura a cikinta, shi ya sa inda aka ƙona tsibi shuka takan yi kore shar a shekarar. Amma naitirojin da farar wuta, waɗanda ke cikin ganye da kara, hayaƙi suke bi su tafi, kuma naitirojin ɗin nan shi ne manomi zai koma ya saya da tsada a buhun yuriya, wanda kashi 46 cikin ɗari na nauyinsa naitirojin ne. Tokar ma, idan aka yi ƙunar a tsakiyar hunturu, iska ce ke kwashe mafi yawanta kafin ruwa ya sauka. Ƙasar noman wannan yanki da ma ba ta da ruɓaɓɓen ganye sosai, galibi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma shi ne ke riƙe danshi ya hana ƙasa daskarewa. Gonar da ake ƙonewa kowace shekara tana tsayawa tsirara, ruwan farko mai ƙarfi ya wanke samanta ya zuba a rafi.

Ga shi kuma kara ba shara ba ne. Karan dawa da na gero suna yin danni da makamashi, na masara da harawa abincin dabbobi ne, kuma manomin da ya bar shanu suka kwana a gonarsa bayan girbi ya sami taki a madadin abin da suka ci.

Duk da haka akwai inda wuta take magani, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Tsutsar da ke huda karan dawa a cikin busasshen kara take yin rani, masu bincike a cibiyar nazarin aikin gona ta Samaru, wadda asalinta ya faro tun 1922, sun daɗe da nuna cewa babbake kara sama-sama bayan girbi yana kashe ta ba tare da an rasa karan ba. Tun zamanin Turawa ake umartar manoman auduga su tuge itacenta su ƙone bayan tsinka don katse zuriyar tsutsa, haka nan ƙudujin da aka cire gara a ƙone shi da a bar shi ya zubar da iri. Duk waɗannan ƙuna ce ta tsibi, mai dalili, irin wadda aka fayyace a amsa ta 8.

10. Idan ƙunar ta zama dole, yaya ake yin ta ba tare da ɓarna ba?

Da farko a share kewayen wurin har ƙasa ta fito, faɗin aƙalla mita 3, a ƙara faɗin idan ciyawar doguwa ce irin gamba. A sanar da maƙwabtan gona ranar da za a yi, a kuma tabbatar sun kwashe amfaninsu, domin dawa takan kai Disamba a gona, rogo da rake suna nan har rani, harawa kuma tana rataye a kan itatuwa. A zaɓi safiya ko yamma lis, lokacin da iska ta kwanta, kada a kusanci tsakar rana, kuma a fara cinnawa daga ɓangaren da iska ta nufa domin wutar ta riƙa ci tana fuskantar iska, ta tafi a hankali. Mutum ɗaya ba ya ƙona gona. A samu mataimaka da ɗanyun rassa, fartanya da ruwa, kuma kada a watse sai an bi kututture ɗaya bayan ɗaya, don kututture yana iya kwana biyu yana ci a ciki, iska ta taso ta farfaɗo da shi.

Watan da aka yi ƙunar ma yana da tasiri. Ma'aikatan daji sun san cewa wutar farkon rani, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, ba ta kai zafin ta Fabrairu da Maris ba, wadda ke kashe har manyan itatuwa. Akwai kuma wuraren da ba a yin ƙuna kusa da su ko da an cika waɗannan sharuɗɗa: ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, gefen layin dogo, bakin babbar hanyar Kaduna zuwa Kano inda hayaƙi ke rufe wa direbobi ido, da kewayen filin jirgin kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a Zariya a 1964, inda ɗalibai ke tashi da sauka.

11. Masu farauta da makiyaya da ke sa wa daji wuta fa?

Cinna wa daji wuta don a kori gafiya, zomo ko kurege ƙona daji ne ba da izini ba, kuma shi ne mafi ƙarancin uzuri a cikin dukan nau'o'in, domin naman da za a samu bai kai kuɗin dami ɗaya na dawa ba. Ta fuskar addini ma, Abu Dawuda ya ruwaito cewa Annabi ya ga gidan tururuwa da aka ƙone, ya ce bai dace wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Wasu makiyaya suna ƙona tsohuwar ciyawa don sabuwa ta tsiro, wasu manoma kuma suna ƙone karansu da gangan don kada shanu su shigo, ga masu ɗiban zuma da masu yin gawayi da mai jefar da guntun sigari. Saboda haka ɗora wa ƙabila ɗaya laifin kowace gobarar daji, tun ba a bincika ba, zalunci ne da ke haifar da rigimar da ta fi gobarar ɓarna. Asarar kuwa ta kowa ce: ɗorawa a rani take fure, kuma wutar da ta bi ta ƙarƙashinta ta rage kalwar daddawar bana, kamar yadda take kashe 'ya'yan kaɗanya da ke tasowa.

12. Ya halatta a babbake kai da ƙafa ko ganda da wutar taya?

Bai halatta ba ta kowace fuska, domin an haɗa laifi biyu, gurɓata iskar unguwa da gurɓata abincin da za a sayar wa mutane. Fata tana shan abin da ke cikin hayaƙin taya, kuma kankarewa da wankewa ba sa fitar da shi duka. Mayanka tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kamar yadda aka faɗa a amsa ta 2, don haka duba-gari da likitan dabbobi suna da ikon hanawa, sarkin fawa kuma shi ne ya fi kowa iya tsawata wa yaransa. Itace ko abin babbaka mai aiki da gas sun fi taya tsada, wannan gaskiya ne, amma bambancin ba wani abu ba ne idan aka raba shi a kan kawunan da ake babbakewa a yini. A ranakun layya, mai ba da kan ragonsa ga samarin da ke babbaka a bakin titi ya dubi abin da suke hurawa kafin ya miƙa.

13. Wutar da na kunna ta tsallaka ta cinye gonar maƙwabcina, alhali ba da gangan na yi ba. Mene ne a kaina?

Abu biyu ne, laifi da biyan ɓarna. Dokar hukunta laifuka ta Jihar Kaduna ta 2017 ta tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya lalata dukiyar wani da wuta da gangan, kuma sakacin da ya jefa rai ko dukiya cikin haɗari shi ma abin tuhuma ne. Ko ba a kai ga tuhuma ba, mai gona yana da damar neman a biya shi abin da ya rasa, a kotun majistare, babbar kotu ko kotun shari'ar Musulunci. Malaman Malikiyya sun daɗe da yanke wannan: a cikin littafin fiƙihu na Muhtasar na Halil an lissafa hura wuta a ranar iska mai ƙarfi cikin abubuwan da ke wajabta lamuni. Ma'aunin shi ne ko mutum ya yi abin da mai hankali zai yi, wato irin matakan da ke amsa ta 10. Izinin hukuma ma ba ya wanke wanda ya yi sakaci, kuma wanda ya aiki yaro ko ɗan ƙwadago ya sa wutar ba zai fake da cewa ba hannunsa ba ne.

Mafi yawan irin wannan shari'a da sulhu take ƙarewa, kuma ya fi sauƙi ga kowa. A kira dagaci da malamin gona su ga wurin tun toka ba ta tashi ba, a ƙiyasta dami ko buhun da aka rasa da itatuwan da suka mutu, a rubuta abin da aka amince da lokacin biya, shaidu su sa hannu.

14. Maƙwabcina yana ƙona shara kullum, hayaƙin yana shiga ɗakina. Ina zan kai kuka?

A fara da shi kansa, cikin mutunci, domin sau da yawa bai san inda hayaƙinsa ke sauka ba, wani lokaci ma matsalar da ke amsa ta 4 ce ta dame shi. In bai daina ba sai a sanar da mai unguwa ko limamin masallacin unguwa, waɗanda za su tuna masa da hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa. Daga nan sai sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda duba-gari ke da ikon zuwa su gani, su ba shi takardar gargaɗi da wa'adi, su gurfanar da shi idan ya ƙi. Idan mai ƙunar kamfani ne, otal, makaranta ko asibiti, a rubuta wa KEPA kai tsaye. Yana da kyau mai ƙorafi ya riƙa rubuta ranaku da lokuta, ya ɗauki hoto daga cikin gidansa, ya ajiye takardar asibiti idan wani ya kamu da tari ko asmarsa ta tashi. Shiga gidan mutum a kashe masa wuta da ƙarfi, ko zagi a bainar jama'a, yana mayar da mai gaskiya wanda ake ƙara.

15. Akwai abubuwan da ba a jefawa a wuta ko da ƙarama ce? Takardu masu ayoyi fa?

Gwangwanin maganin sauro da na turaren feshi suna fashewa ko da sun ƙare, haka batir da laita. Robar maganin ƙwari da na kashe ciyawa hayaƙinta guba ne, a ɗauraye ta sau uku a zuba ruwan a cikin injin feshi, a huda ta don kada wani ya zuba mai ko ruwan sha a ciki. Ƙona waya don a ciro tagulla shi ne mafi munin abin da ake yi a wuraren 'yan gwangwan, saboda dalilin da ke amsa ta 5, alhali feɗe ta da wuƙa yana ba da tagulla mai tsabta. Allurai, auduga mai jini da sauran sharar asibiti wurinsu na'urar ƙonawa mai tsananin zafi, magungunan da suka lalace kuma masu kemis su miƙa su ga hukumar NAFDAC.

Tsofaffin takardun Alƙur'ani da na karatu lamarinsu daban ne, domin malamai sun yarda a ƙone su don kare alfarmarsu, suna kafa hujja da abin da Halifa Usman ya yi bayan an tattara mus'hafi ɗaya. A yi shi kaɗan-kaɗan a cikin kasko mai tsabta, a cire bangon roba, a tsaya har su zama toka, sannan a binne tokar a wurin da ba a takawa.

16. Idan wuta ta ƙwace, me ya kamata a fara yi?

A yi kururuwa a fitar da mutane, yara da tsofaffi da farko, sannan a kira 'yan kwana-kwana ko lambar gaggawa ta ƙasa, 112, tun wutar tana ƙarama, ba sai an gaji da guga ba. Mai kira ya ambaci unguwa da wata alama sananniya, kamar ƙofar gari, masallaci ko makaranta, a tura yaro bakin titi ya tare motar, a kuma janye ababen hawa da 'yan kallo daga lungu. Idan akwai lantarki a wurin a kashe shi daga mita kafin a watsa ruwa. Wutar fetur ko ta man girki ba a zuba mata ruwa, sai yashi, ƙasa ko jiƙaƙƙen bargo. Wutar ciyawa daga gefe da baya ake bugunta, ba a tsayawa a gabanta, kuma ta fi gudu idan tana hawa tudu.

Wanda ya ƙone a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, a cire zobe da agogo kafin kumburi, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa manja, ɗanyen ƙwai, man goge baki ko toka. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta fuska, hannu ko al'aura, ko kowace ƙuna a jikin jariri, ta asibiti ce nan take, kuma masu tsanani akan tura su asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Bayan an kashe wutar a sanar da mai unguwa ko dagaci a ranar, ko da babu wanda ya yi ƙorafi, saboda abin da zai iya biyo baya na biyan ɓarna da aka yi bayani a amsa ta 13.